Butar Malam A-Hankali

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannunsa ya san inda sunan ya samo asali. Tun ɗalibi bai murɗa makulli ba zai ji an ce masa, "A hankali." In ya sa giya, "A hankali." In ya taka birki mota ta tsaya cak, ko numfashi ba ta yi, nan ma sai ya ji, "Yawwa, a hankali." Haka mutumin nan ya cinye ƙuruciyarsa a kujerar mai zaman banza, ƙafarsa na shawagi a kan birki na biyu da ake sa wa motar koyo, har sunansa na gaskiya ya ɓace. Unguwa kaf Malam A-Hankali ta sani.

Siriri ne, mai tsabta, mai gashin baki da yake dubawa a madubi kafin ya duba hanya. Yana yawan faɗin cewa tunda yake bai taɓa buge ko kaza ba, yana faɗi yana ɗaga haɓa kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Abin da ba ya faɗi shi ne, kaza tana da sukunin tsallaka titi, ta yi tunani, ta dawo, ta sake tsallakawa, shi bai iso ba.

To irin wannan mutum Allah ya haɗa da motar tsere.

Ta wani injiniya ce da zai koma ƙasarsu ya rasa yadda zai yi da ita. Matarsa, wadda Malam ya koya wa tuƙi, ta ce a sayar wa malaminta, don shi kaɗai ta sani da ba zai kashe kansa da ita ba. Mota koriya shar, ƙofa biyu, kujera biyu, kwance a ƙasa kamar kada, hancinta dogo, sai ya gama shan kwana sannan direba ke leƙowa. Tun a lokacin ta kwana biyu, amma in aka tayar da ita sai tagogin maƙwabta sun amsa. Waɗanda suka ƙera ta don doguwar hanya suka ƙera ta, inda za a sake mata linzami, iska ta riƙa kwarara ta hancinta tana sanyaya ruwan lagireto. An ɗauki barewa an ba kunkuru kiwo.

Gidan Malam bene ne. Ɗakunan kwana da kicin duk suna sama. Ƙasa ba komai sai matakala da ɗaki guda mai faɗi, mai ƙofar ƙarfe da ɗan banɗaki a kusurwa. Nan ya shigar da motar, ya shimfiɗa mata kwali. Matar Malam ta tsaya a matakala tana kallo. Nas ce, kowa Sista yake ce mata, mace mai jiki da ƙarancin magana, wadda ta saba gaya wa majinyaci cewa allura da zafi kafin ta soka masa.

"Kujera biyu," in ji ta. "Yaran fa?"

"Yara suna da ƙafa."

"To Allah ya sanya alheri."

Ranar da ya fara fita da ita, tafiyar hawainiya ya yi, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje, yana amsa gaisuwa dama da hagu. Ai ba a sayen irin wannan mota don a wuce fuu, ba wanda ya gane wa ke ciki. A gaban kantin magani allurar da ke nuna zafin inji ta kwanta a kan ja, tururi ya taso ta ƙarƙashin bonet yana fito. Mai shayin da ke gefen titi ya ɗaga kofi ya ce, "Malam, in ta gama tafasa a sam mini." Daga ranar motar ta zama Buta.

Wani da kunya zai ji. Malam kuwa ya buɗe bonet, ya ɗago kai, sai ya ga jama'a sun kewaye shi, kowa na leƙa inji yana tambaya. Shi da ya saba yi wa mutum ɗaya tsoratacce magana a cikin rufaffiyar mota, yau ga taro guda ya yi shiru yana jiran bakinsa. Ya yi bayani har ruwan ya huce, ya ci gaba da bayani bayan ya huce. Ya koma gida fuskarsa na sheƙi, ya ci abinci har da ƙari.

Ba a daɗe ba ya kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci. Su uku ne: shi, da wani likitan haƙori da tasa motar ke kan duwatsu tun ba a san yaushe ba, da wani mai gidan burodi da bai zo taro na biyu ba. Aka yi zaɓe, Malam ya ci. Ya je aka zuba masa faranti na tagulla, faɗinsa ya kai tire, an rubuta SHUGABA da manyan haruffa, ya ɗaure shi a tsakiyar ragar gaban mota, daidai inda iska ke shiga. Ya ga gefe da gefe sun yi fili, sai ya jera manyan fitilu huɗu, shi da rana ba ta taɓa faɗuwa yana waje ba. Abin da ya rage na ragar bai fi a zura yatsa ba.

Kada wani ya ce bai sani ba. Ya sani sarai, ya ma fi kowa sani.

"Inji wuta ce a cikin ƙarfe," yakan ce wa masu kallo. "Ruwa ya zagaya ya kwaso zafi ya kai lagireto, iska ta ratsa lagireto ta ɗauke. In ba iska, aikin banza ne."

Yana faɗin haka yana jingine da farantin, wani lokaci har yana goge shi da hannun riga.

Sau ɗaya Sista ta taɓa sa baki.

"Na yi jinyar masu asma iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya toshe hanci da auduga ya zo yana kukan numfashi ba. Cire tiren nan mana."

"Ke allura da bandeji kika sani. Farantin nan raba iska yake yi, rabi sama rabi ƙasa. Ilimi ne."

"To, a gai da ilimi."

Ba ta sake ba.

Daga nan Malam ya zama ɗan gida a rumfar Mai Lagireto, a bayan tashar mota. Rumfa ce cike da baƙaƙen lagiretoci rataye kamar fatu, mai ita zaune a kan mataccen batir, ƙarfen dalma a wuta. Shi kaɗai ne a duniya yake kiran Malam da Shugaba ba tare da ya danne dariya ba, motar kuma Gimbiya yake ce mata. Yana da ido, ya ga farantin tun ranar farko. Amma mai maganin tari ba ya addu'ar sanyi ya wuce.

Da farko aka wanke lagireto, tsatsa ta fito ja kamar ruwan kwata. Sai aka ce ƙananan bututun da ke cikinsa layi biyu ne, sun yi wa Gimbiya kaɗan, aka mayar da su uku, daga baya huɗu. Aka canja murfi, aka canja tiyo, aka canja famfon da ke zagaya da ruwa. Aka daina ba ta ruwan rijiya, sai koren ruwa na galan, wanda Malam ke aunawa da kofin magani da ya ɗauke daga jakar Sista. Wata shekara aka cire ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa sai inji ya ɗumama, aka ce shi ne munafukin. Wata shekarar aka mayar da shi, aka ce rashinsa ne ciwon. Aka ƙera wa fanka rumfa ta gwangwani don ta riƙa jan iska ta cikin lagireto ba ta gefe ba. Aka ƙara fanka ta lantarki mai kuka kamar jirgi. Baƙin mai ma aka yi masa nasa ɗan lagireton. Da dabara ta ƙare aka kira mai walda ya tsattsaga bonet kamar kifin da za a soya, wai zafi ya samu hanyar fita.

A yi wa mutum adalci, kowane gyara ya yi ɗan aikinsa. Unguwa ta riƙa auna ci gaban da ido. Da a gaban kantin magani take tafasa. Bayan layi huɗu sai gaban gidan waya. Bayan fanka ta biyu har shataletalen asibiti take kaiwa. Mai shayi ya yi ƙorafin an ɗauke masa kasuwa, don da a bencinsa masu kallo ke zama.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Yara suka girma da ƙafafunsu kamar yadda uban ya yi hasashe, suka watse. Malam ya ajiye koyarwa, Sista ta ajiye farar riga. Sai gwiwoyinta suka ƙi. Matakalar da ta hau da ciki, ta hau da goyo, ta hau da kwandon cefane a ka, yanzu sai ta dafa bango, ta huta a tsakiya, ta yi magana da ƙafafunta kamar masu taurin kai kafin su yarda. Ta daina sauka sai dole. Unguwar da ta karɓi haihuwar rabin mutanen cikinta, yanzu ta taga take ganinta.

Wata safiya ta lallaɓa ta sauko, ta zauna a matakala ta ƙarshe. Malam da likitan haƙori suna tsaye a gaban buɗaɗɗen bonet, suna taron ƙungiya.

"Malam, ɗakin nan nake so."

"Wane ɗaki?"

"Wanda kake tsaye a ciki. A sa mini gado can, kujera nan. Ga banɗaki. In buɗe ƙofa in ga mutane."

"Motar fa?"

"Mota tana da taya."

Likitan haƙori ya cusa kai cikin inji kamar ya hango ruɓaɓɓen haƙori.

"Ki ji tsoron Allah, Sista. Motar da ake gab da gama gyaranta? Rana da ruwan sama kike so su cinye ta?"

"Tun Auta na goye ake gab da gamawa. Ga shi Auta ta haihu."

"Ai ta warke yanzu. Tun da aka tsaga bonet ta warke. Ko ba haka ba, Likita?"

"Ta yi sauƙi," in ji Likita daga cikin inji.

Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe. Tana zaune da mijinta a wani gari kan tudu, tafiyar rabin yini, hanyar ta gangara wani kwari mai zurfi sannan ta hau tana murɗe-murɗe.

"To madalla," in ji Sista. "Tunda ta warke, kai ni in ga jikana a cikinta. Mu je mu dawo, ni da kai, ba ka buɗe bonet ba. In ta yi, ɗaki naka ne, in ci gaba da hawa. Amma daga nan duk ranar da na ga tururi, ko yaushe ne, a fitar da ita. Likita, kai ne shaida."

"Ni haƙori na sani, Sista."

"Ai kana da kunne."

Malam ya dubi Likita. Shugaba ba ya ja da baya a gaban ilahirin ƙungiyarsa. Ya ce ya yarda, har ya ƙara da dariya.

Dariyar ba ta kai shi rumfar Mai Lagireto ba. Ya san hanyar nan, ya san tudun. Motar da ke tafasa a shataletalen asibiti, inda ƙasa take a shimfiɗe kamar tabarma, ba ita ce za ta hau dutse da Sista a ciki ba. Suka zagaya motar su biyu suna neman abin da ba a ƙara ba, suka rasa. Malam ya tsaya a gabanta, ya dubi farantin, farantin ya dube shi. Ya kawar da kai.

Sai ya tuna da hita. Motar ƙasar sanyi ce, tana da wani ɗan lagireto a ɓoye ƙarƙashin dashbod, ruwan zafin inji ke bi ta cikinsa, wata 'yar fanka ta hura ɗumin zuwa ƙafafun waɗanda ke zaune. An daɗe da toshe tiyonsa, don ba wanda ke buƙatar ɗumi a nan. In aka mayar da shi aka buɗe, zai riƙa satar zafi daga inji.

"Dabara ce, Shugaba," in ji Mai Lagireto. "Sai dai zafin nan ba ɓacewa zai yi ba, ciki zai shigo. Wa zai zauna a gefe?"

"Sista."

Mai Lagireto ya tofa yawu a ƙarfen dalma, ya yi cuu.

"To Allah ya ba ta lada."

Aka haɗa tiyo. Kafin ya bar rumfar, Malam ya tsinci tsumma ya cusa a ramin da ke hura ɓangaren direba. Direba yana buƙatar natsuwa.

Shigar da Sista cikin motar ma aiki ne, don kujerar kusan a ƙasa take. Da ta zauna aka ɗora mata jaka a cinya: kayan jariri, tawul, da babban gwangwanin man shafawa. Suka kama hanya da sanyin safiya. Har suka gangara kwarin allura na zaune lafiya, Malam na 'yar waƙa a hanci. Da suka tsallake gada suka fara hawa, sai ta ɗago kai. Ta wuce tsakiya. Ta fara neman ja. Malam ya miƙa hannu kamar zai gyara rediyo, ya ja maɓallin hita har ƙarshe.

Allura ta tsaya. Ta ɗan ja da baya. Zuciyar Malam ta yi fari.

"Malam, wani abu na hura mini wuta a ƙafa."

"Yanayi ne. Tudu ya fi kusa da rana."

Ta janye ƙafafunta. Wata babbar mota shaƙe da bulo ta biyo su a baya tana nishi, ta yi haƙuri, ta gaji, ta wuce su. Direbanta ya leƙo ya ce, "Baba, lafiya dai ko?"

"Ƙara gudu mana mu sha iska," in ji Sista.

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a je a dafe."

Can sai ya ga ta sunkuya da ƙyar, ta zura hannu ƙarƙashin dashbod, ta janye da sauri. Ta dubi maɓallin, ta dubi allurar, ta dubi ƙafafunsa da suke a bushe, gefen tsumma na leƙowa a samansu. Mace ce da ta ƙare rayuwarta tana neman inda zazzaɓi ya ɓoye. Malam ya jira tsawa, ba ta zo ba. Ta jingina, ta ɗauki tawul ɗin jariri ta share wuya. Shi kuma bai sake kallon ɓangarenta ba, don allura na buƙatar ido. Duk tsawon hawan nan yana ji da allurar kamar ɗan fari, yana lallashinta a zuci, yana roƙonta ta yi haƙuri saura kaɗan.

Suka isa ba a buɗe bonet ba. Auta ta fito da gudu, ta tsaya turus.

"Mama! Baba, ruwa kuka faɗa?"

Rigar Sista ta manne mata a jiki. Takalminta na roba ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Man shafawa ya narke ya zama ruwa, ya bi ta murfi ya jiƙa kayan jariri kaf.

"Ba komai, 'yar nan. Babanki ne ya gano inda zai riƙa zuba zafin. Kama ni in fito, ki ba ni ruwa, ki kawo mini mijin nawa in gani."

Ta sha ruwa, ta karɓi jariri, ta duba cibiyarsa da idanunsa kamar tana bakin aiki, ta ce ya yi. Malam ya leƙa shi, ya ce tubarkalla, ya fita duba tayoyi.

Washegari da za su koma, ta zauna a inuwa a ƙofar gidan ta kira shi.

"Ban ce ka yi ha'inci ba. Bonet na ce, ba ka buɗe ba. Amma cewa na yi mu je mu dawo, ni da kai. In ka sake taɓa maɓallin nan, zan sauka in hau bas. Ka ga ba mu dawo ba ke nan."

"Ai komawa gangara ce."

"Zuwa gada. Abin da muka gangara jiya shi za mu hau yau, kuma da tsakar rana. Ƙafata ce ta dahu, ba kaina ba."

Malam ya zagaya motar. Ya sake zagayawa. Ya tsuguna a gabanta ya daɗe. Sannan ya kira mijin Auta.

"Ɗan nan, kana da sifana?"

"Akwai, Baba. In kama maka?"

"Bar shi."

Da hannunsa ya kwance fitilun, ɗaya bayan ɗaya, sannan farantin. A bayansa akwai tarin abin da shekaru suka tara: matattun ƙwari, gashin tsuntsu, wata leda da ta manne ta zama fata, da gidan zanzaro har hawa biyu. Ya sa buroshi ya share. Ya naɗe farantin a cikin rigarsa ta canji kamar mai yi wa gawa sutura, ya sa a but.

"Kai shi zan yi a goge," ya ce wa surukinsa, wanda bai tambaya ba.

A hanyar komawa allura ta zauna a tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. A gangara motar ta ɗan ƙwace masa, injin ya buɗe murya ya yi wani kuka da Malam bai taɓa ji ba duk zamansu, bishiyoyi suka fara gudu da baya. Ya ji bakinsa na cewa, "A hankali, a hankali," ba ɗalibi a kusa. Sista ta yi dariya har da riƙe ciki. Suka tsallake gada, suka hau, rana na tsakiyar ka, allura ko gezau.

Da suka shigo unguwa Malam ya sauke gudu, ya sa gwiwar hannu a waje. Yana jiran a tambaye shi ina farantin, ya ma shirya amsa. Mai shayi, wanda shi ma ya yi furfura, ya ɗaga kofi ya ce, "Buta ta dawo!" Shi ke nan. Likitan haƙori ya zo ya zagaya motar, ya ce, "Ta yi kyau. Wanka ka yi mata?" Ashe duk shekarun nan ba wanda ke karanta farantin sai mai shi.

Sista ta cika alkawari. Ta dafa bango ta fara hawa. Malam na ƙasa yana jin numfashinta a tsakiyar matakala, sai ya tuna akwai ƙura a gilashi, ya kama gogewa.

Ɗaki ya zama nasa. Mota kuma ta warke, warkewa ta gaske. Ya fita da ita ya je ya dawo, ba abin da ya faru. Washegari ma haka. Ya wuce kantin magani, ya wuce gidan waya, ya zagaya shataletalen asibiti har ya ji jiri, ba tururi, ba taro. Wata rana ya tsaya da gangan ya buɗe bonet. Wani mai wucewa ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Lafiya ƙalau." Mutumin ya ce, "To madalla," ya yi gaba. Taron ƙungiya ya koma shan shayi da kallon bango, don tasa motar ba ta da ciwo, ta Likita ba ta da inji. Ya ratsa ta bayan tasha, Mai Lagireto ya ɗago kai ya ce, "A'a, Malam, kwana biyu," ya mayar da kai ga aikinsa. Malam, ba Shugaba ba. Ya dawo ya zauna a kan galan a cikin ɗakin da ya ci, kusa da lafiyayyar mota, kamar mutum da baƙon da ba su da zancen yi. Abinci ma ya rage ci.

Farantin na kan kanta a naɗe cikin riga. Wata safiya ya ce bari ya gani ko ramukan ƙusa suna nan daidai. Suna nan. Da ya ɗaura sai ya ga ya yi maraici shi kaɗai, ya mayar da fitilun. Ya ce zagayen unguwa kawai zai yi, ba nisa, in ma allura ta ɗago ai ga hita. Ya fita da tafiyar nan tasa ta hawainiya, yana amsa gaisuwa. Allura ta ɗago. Ya ja maɓallin. Ba a jima ba zafin ya cika motar, ya zagayo ya same shi, gumi ya shiga idonsa.

"Kai! Wa zai iya wannan azaba?" in ji Malam, ya kashe.

Buta ta tafasa a bakin layinsu, tururi har saman wayar wuta, da fito mai daɗi irin na da. Kafin ya fito mutane sun fara taruwa. Ya buɗe bonet, ya jingina da farantin, ya gyara murya.

"Inji wuta ce a cikin ƙarfe..."

Yana tsakiyar bayani ya ɗaga kai. Sista na taga da kofin shayi a hannu. Ta ɗaga masa kofin.

Kafin la'asar an kira likitan haƙori, ya rantse shi bai ga komai ba amma ya ji fito. Maƙwabta suka tura motar ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar gida, suka sauko da gado da kujera. Warin baƙin mai bai taɓa barin ɗakin ba. Sista ta ce wanda ya yi aiki a ɗakin masu gyambo, wannan turare ne.

Motar na nan ƙarƙashin bishiya, tsuntsaye sun yi mata ado, bonet a buɗe daga safe zuwa yamma. A bakin titi take yanzu, masu kallo ba sai an je neman su ba. Mai Lagireto ya dawo da kiransa Shugaba, yana kuma ganin layi biyar zai yi. Malam ya murmure, kumatu sun fito. Duk wanda ya tambayi dalilin fitar da Gimbiya waje sai Malam ya rage murya ya ce, "Gwiwoyin Sista ne. Ni na ga bai kamata ba, na ce a ba ta ɗakin. Mace sai da tausayi." Sista na zaune a ƙofarta, tafiyar taku kaɗan, tana ji, tana yanke farce.

Shi kaɗai ke kwana a sama yanzu. Kwanan nan nasa gwiwoyin suka fara magana. Da yamma in ya rufe bonet ya dafa bango, yakan tsaya a tsakiyar matakala yana haki, daidai inda hannunta ya bar dauɗa a fenti. Daga ƙasa sai ya ji muryarta, ba ta ko ɗago kai ba:

"A hankali, Malam."